Jan Gashi Iri Uku: Daga Lallen Kakanninmu Zuwa Rinin Kanti

Ranar wata Asabar na je aski a bakin tashar Matamaye, wajen wani matashi da na taɓa koyarwa a aji uku. Yana cikin gyara mini gemu sai ya dakata, ya dube ni ta madubi, ya ce, "Mushe, furfura fa ta yi sallama. In kana so akwai baƙin rini, minti goma ka koma saurayi." Na yi dariya, na ce ya ƙarasa aikin da na zo dominsa. Da na koma gida kuma sai na tarar da wata shari'ar tana jirana. Babbar ɗiyata, wadda ke shirin bikin ƙawarta, ta miƙo mini waya da hoton wata mace mai gashi ja-ja kamar sabon jan ƙarfe, ta ce, "Baba, irin wannan launin nake so." Mahaifiyata na gefe a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta karɓi wayar, ta nisantar da ita daga ido, ta ce, "Yo wannan ai lalle ne. Mu da muka tsufa a cikinsa."

Tsohuwa ta yi gaskiya ta wani gefe, ta wani gefen kuma ba ta yi ba. Launin dai launin lalle ne, amma abin da ke kan matar nan ta cikin hoto ba daga bishiya ya fito ba. Wannan ƴar muhawara ta tsakar gida ita ta sa na zauna na bi sawun jan gashi a ƙasarmu: daga ina ya zo, su wa suka fara sa shi, me ya canza, kuma me ya kamata uwa da uba su sani kafin su ce eh ko a'a. A ƙarshe kuma zan ba mai karatu labarin wani jan gashin da ba kwalliya ba ne, wanda na taɓa yin kuskure a kansa, kuskuren da har yau in na tuna sai na ji kunya.

Hanyar da lalle ya biyo

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kance ya san bishiyar lalle. Tana bayan ɗaki, tana bakin rijiya, tana jikin shingen garake a kwarin Korama inda ake noman rake da kayan lambu. Saboda sabo da ita, mutum sai ya ɗauka tare da gero da dawa muka same ta. Amma sunanta kansa yana nuna hanyar da ta biyo. Masana harshe na ganin kalmar lalle daga harshen Abzinawa ta shigo, inda suke cewa anella. Barebari na cewa nalle, Yarabawa kuma, waɗanda suka karɓa daga hannunmu, suna cewa laali. Ke nan kalmar ta gangaro ne daga arewa zuwa kudu, kamar yadda gishiri da kanwa da dabino suka gangaro.

Tsohuwar shaida a rubuce game da lalle a wannan yanki namu na Afirka ta Yamma tana cikin littafin al-Bakri, malamin Andalus, wanda ya kammala a shekarar 1068. Da yake ba da labarin birnin Audagust, wanda kufansa ke cikin ƙasar Muritaniya ta yau, ya ambaci cewa ana noman lalle a can da yawa. Wato kusan shekara 1000 ke nan ana shuka shi a bakin Sahara. A Masar kuwa abin ya fi haka nisa. Lokacin da aka kai gawar sarki Ramsis na Biyu birnin Paris a 1976 domin a yi mata magani, masu bincike sun duba gashinsa, suka gano an rina shi da lalle. Mutumin da ya rasu fiye da shekara 3000 da suka wuce, da tsufansa, shi ma sai da aka rufe masa furfura da wannan ganye da ke bayan ɗakin mahaifiyata.

Shi ma jan ƙarfen da muke kwatanta launin da shi, ta wannan hanyar ya zo mana. A 1353 Ibn Battuta ya sauka a Takadda, garin da masu tonon tarihi suka gano kufansa a Azelik, arewa da Ingal. Ya ba da labarin yadda ake haƙo jan ƙarfe a can, a narka shi, a yi shi sanduna manya da ƙanana, a yi cefane da su kamar kuɗi, sannan fatake su kai shi Gobir da Barno. Ashe launin da ɗiyata ta gani a waya tana tsammanin daga Turai ya fito, kakanninta sun san shi a munduwa da ƙarau, sun kuma san shi a tafin hannu.

A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya yi sarautar Damagaram daga 1851 zuwa 1884, Damagaram ta zama babbar mahaɗar ayarin da ke tsakanin Tarabulus da Agadas da Kano. Ƙasarmu tana tsakanin Damagaram da Daura, saboda haka duk kayan adon da ya ratsa, wani abu nasa sai ya zauna: tozali, turare, murjani, madubi. Turawan Faransa sun ci Damagaram a 1899, daga baya aka ja iyaka tsakaninmu da ƴan'uwanmu na Daura da Kano, amma iyakar ba ta taɓa hana kayan kwalliya wucewa ba. Har gobe yayin da aka fara a Kano yakan iso Matamaye ta hanyar Ɗan Barto kafin ya isa Yamai.

Yadda ganye kore ke haifar da ja

A matsayina na malamin makaranta, ba na so in wuce nan ban faɗi yadda abin ke aiki ba, domin wanda ya gane wannan ba za a cuce shi a kasuwa ba. A cikin ganyen lalle akwai wani sinadari da masana suka raɗa wa suna lawson. Fatarmu da farcenmu da gashinmu kuma an gina su ne da wani abu mai suna keratin. In aka daka busasshen ganye, aka tankaɗe, aka kwaɓa da ruwa mai ɗan tsami, na lemun tsami ko na tsamiya, aka bar shi ya kwanta, sai sinadarin ya fito. Da zarar ya haɗu da keratin sai ya manne masa, ba ya sakewa. Shi ya sa lallen hannu ke gushewa bayan mako biyu ko uku, domin fata na saɓulewa tana sabunta kanta, amma na farce da na gashi yana nan sai dai sabo ya tsiro ya ture shi.

Abin lura a nan shi ne lalle ba ya cire launi, ƙari kawai yake yi. Kamar mutum ne ya zuba jan tawada a kan takarda. In takardar fara ce, ja zai fito rau. In baƙa ce, sai an karkata ta wajen haske kafin a ga wani abu. Don haka furfura in ta sha lalle takan koma launin jan ƙarfe sosai, baƙin gashi kuwa sai dai ya ɗan yi jan sheƙi in rana ta haska shi. Launin kuma ba a ranar farko yake nuna ba. Yakan fara da ruwan goro mai haske, bayan kwana biyu ko uku ya zauna ya yi duhu.

Mata da shuni, dattawa da lalle

Nan ne na ɗan yi jayayya da mahaifiyata. Gaskiya ne matan Hausa sun tsufa cikin lalle, amma a hannu da ƙafa. Ana kwaɓa shi a shafe tafin ƙafa, a naɗe da ganye da tsumma, hannu kuma a zura shi cikin zunguru a kwana da shi. Mai son ya yi baƙi sai ta bi shi da gishirin lalle da toka. Aure kuwa ba ya cika sai da shi: a yi kamu, a sa amarya a lalle, ta yi kwanaki ana gyara ta, shi ma ango abokai su kama shi a sa masa nasa. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, cike yake da bayanin irin wannan sa lalle.

To amma gashi fa? Launin gashin matan da ba ja ba ne. Shuɗi ne. Baturen nan Clapperton, wanda ya shiga Kano a watan Janairun 1824, ya rubuta cewa matan Kano da na Barno suna rina gashinsu da shuni, har da gira, suna kuma jajanta haƙora da fure. Da na karanta wa tsohuwa wannan sai ta yi shiru, can ta ce haka ne, kakarta ma in an yi mata doka sai an bi ta da shuni da man shanu, har matashin kai ya rine. Ke nan a idon mutanen da, kyakkyawan gashi shi ne wanda ya yi baƙi har ya koma shuɗi yana ƙyalli kamar rawanin ɗan Kura. Jan gashi a kan budurwa ba abin so ba ne, kuma nan gaba za mu ga dalili.

Inda lalle ya hau gashi da daraja shi ne gemun dattawa, wannan kuwa ta ƙofar addini ya shigo. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar (RA), kansa da gemunsa fari fat, sai Annabi (SAW) ya yi umarni a canza wannan farin da wani abu, amma a nisanci baƙi. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Abubakar yana rini da lalle haɗe da katam, wani tsiro na ƙasar Yaman mai sa launi ya yi duhu, Sayyidina Umar (RA) kuwa da lalle zalla yake yi. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a karanta shi, ta bayyana cewa rini da baƙi makaruhi ne ba tare da ya kai haramun ba, lalle da katam kuwa babu laifi. Duk wanda ya je aikin hajji ya ga dattawan Pakistan da Bangaladash da Somaliya da Yaman da gemu ja-jawur. A wajenmu abin bai yaɗu kamar nasu ba, amma ina yaro na san tsofaffin malamai biyu a unguwarmu masu jan gemu, kuma ba wanda ke kallonsu da mamaki. A wancan lokacin jan gemu alama ce ta shekaru da karatu.

Zuwan rinin kanti

Abin da ya juya komai ya faro ne a Ingila a 1856, lokacin da wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna William Perkin yake ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro daga kwaltar gawayi, sai ya samu rini a maimakon magani. Daga nan masana'antu suka buɗe. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baba na masana'anta, abin da a hankali ya raunana marinar Indiya da tamu. Tun cikin shekarun 1880 kuma aka fara rina gashi da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PPD. A 1907 wani masanin haɗa sinadarai a Paris, Eugène Schueller, ya haɗa nasa rinin gashin yana sayar wa masu gyaran gashi, a 1909 ya kafa kamfanin da daga baya ya zama L'Oréal.

Rinin kanti ya sha bamban da lalle. Shi yana zuwa ne da ruwan oksijene, wanda mutanen Kano ke kira haidurojin, da wani sinadari mai buɗe jikin silin gashi. Sai a shiga ciki a ƙone baƙin launin da Allah ya halitta, sannan a dasa sabo. Baƙin gashi irin namu in ana cire masa launi, yakan bi mataki-mataki: ya koma ƙasa-ƙasa, ya koma ja, ya koma ruwan lemo, sannan rawaya. Launin jan ƙarfe mai haske irin na hoton nan ba ya samuwa a kan baƙin gashi sai an yi wannan ƙunar tukuna. Gashin da aka yi wa haka kuma ya rasa wani abu daga ƙarfinsa har abada. Yana shan ruwa da sauri, yana bushewa da sauri, yana karyewa a bakin mataji. Ga shi kuma a cikin launukan kanti ja ne ya fi saurin koɗewa, sai a yi ta maimaitawa, kowane maimaici kuma ƙarin ƙuna ne.

Mu a nan, ta hannu PPD ya fi shigo mana. Da zanen fulawa irin na Sudan da ƙasashen Larabawa ya zama yayi, sai aka ga lallen gida yana cin lokaci, ga shi ja ne, masu biki kuwa baƙi suke so nan take. Sai aka ɗauko rinin gashi ana zana shi a fata, aka sa masa suna baƙin lalle ko dayis. Jama'a, babu wata bishiya mai ba da baƙin lalle. Sunan ne kawai aka ara. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda PPD ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an haɗa shi ba, kuma sun hana sa shi a fata kai tsaye. A 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin borin fata ta zaɓe shi a matsayin sinadarin da ya kamata a fi jan hankali a kansa a wannan shekara. Likitocin Khartum sun daɗe suna rubutu a kan mutanen da ya shiga cikinsu ya kumbura musu maƙogwaro ya lalata ƙoda, don haka ba abin ajiyewa ba ne inda hannun yaro zai kai. Babbar matsalarsa kuma ita ce jiki ba ya mantawa. Yarinyar da dayis ya taɓa yi wa ƙuraje a hannu, ranar da ta sa rinin kanti a kanta fuskarta na iya kumbura har ido ya rufe. Na ga wannan da idona a kan wata amarya ta dangin matata, wadda ta yi yinin bikinta a gadon asibiti. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Jan gashin da ba a zaɓa ba

Yanzu ga labarin da na yi alkawari. A shekarar karatu ta 2004 zuwa 2005 ina sabon fitowa daga makarantar horon malamai ta Damagaram, aka tura ni wani ƙauye da ke ƙasar Matamaye, aka ba ni aji ɗaya. Daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a wurare da dama. Kafin bazara rumbuna sun yi fayau, kuɗin tiyar hatsi ya yi tashin gwauron zabo.

A ajina akwai wani yaro ɗan shekara bakwai, shiru-shiru, mai zama a layin baya. Wajen watan Mayu na lura gashinsa ya yi ja, ya yi laushi, ya kwanta. Ni da ƙuruciyata da taƙamar sabon malami, sai na tsayar da shi gaban aji na ce wa ya sa masa lalle a ka kamar amarya. Yara suka kwashe da dariya. Daga ranar suka laƙaba masa Jan Kai. Na kuma ce ya faɗa wa uwarsa ta aske masa kafin ya dawo.

Washegari uwar ta zo da kanta, da goyo a baya. Ta durƙusa a bakin ƙofar aji, ta gaishe ni, ta ce, "Mushe, ni da ban samu abin dama kunu ba, ina na ga sukunin kwaɓa lalle?" Sannan ta juyo da goyon ta nuna mini. Yaro ne mai kamar shekara biyu, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya fi na wansa ja, ɗan kaɗan ne ma ya rage a kan. Ban san abin da na ce mata ba. Na dai tuna alli na hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

An koya mana wannan a makarantar horon malamai, a darasin kiwon lafiya, na kuma ci jarrabawarsa. Amma ban taɓa haɗa abin da ke cikin littafi da kan yaron da ke gabana ba. Wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Ankara ta ƙasar Gana, ita ta bayyana wannan ciwo a 1933, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da mutanen wurin ke kiransa, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka ture daga nono saboda zuwan ƙani. Mu tamowa muke cewa. Jiki na buƙatar abinci mai gina jiki kafin ya ƙera baƙin launin gashi, yana kuma buƙatar ɗan ƙanƙanin sinadarin jan ƙarfe da ke cikin abinci irin su wake da gyaɗa da hanta. In suka yi ƙaranci sai gashi ya koɗe, ya yi ja, ya riƙa tugewa ba zafi. Dubi ikon Allah: rashin jan ƙarfe a cikin jiki na daga abin da ke mayar da gashi launin jan ƙarfe.

A wannan shekara ta 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihohin Maraɗi da Damagaram. An kai ƙanen ɗalibina ɗaya daga cibiyoyin, amma bai ga kaka ba. Shi ɗalibin nawa Allah ya yi masa sauran kwana. Da aka koma makaranta bayan an ci sabon gero, na ga baƙin gashi ya tsiro daga tushe, jan yana sama, kamar an ja layi tsakanin watannin yunwa da na ƙoshi. Yau magidanci ne, yana sayar da rake. In mun haɗu yakan durƙusa ya gaishe ni, ni kuwa nauyinsa nake ji.

Sai a lokacin na gane abin da ya sa kakanninmu suka fi son shuni. Mutanen da suka ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ƴaƴansu suka ga ta 1973, jikokinsu suka ga El Buhari ta 1984 lokacin da aka rufe iyaka, sun san ma'anar jan gashi a kan yaro. A wurinsu baƙin gashi mai sheƙi shaida ce cewa gidan nan ana ci ana ƙoshi.

Abin da na faɗa wa ɗiyata

Ban hana ta ba, domin ado halal ne, kuma zamani riga ne. Na dai zaunar da ita tare da mahaifiyarta na faɗa musu abin da zan faɗa wa kowa.

Ki fara sanin abin da kike nema. In jan sheƙi kike so wanda zai fito a rana, lalle ya ishe ki. In kuwa ja mai haske kike so irin na hoto, to ki sani sai an ƙone baƙin gashinki, kuma ba ya dawowa sai sabo ya tsiro.

Ki san lallen gaskiya. Garinsa kore ne, yana ƙamshin busasshiyar ciyawa, yana kuma ɗaukar awanni kafin ya kama. Duk abin da ya yi baƙi cikin minti ashirin ba lalle ba ne, ko me aka rubuta a jikin kwalin. Akwai lalle mai kyau da ke zuwa a leda daga Sudan da garin Sojat na Indiya, akwai kuma wanda aka cakuɗa da sinadarai ba a faɗa ba. Irin wannan in aka bi shi da ruwan oksijene daga baya, gashi na iya lalacewa gaba ɗaya. Wanda aka tsinko a gida aka daka a turmi, shi ne ba shakka a kansa.

In rinin kanti ne, a ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira kwana biyu cur. In wurin ya yi ƙaiƙayi ko ja ko kumburi, an gama magana. Wadda dayis ya taɓa yi wa ƙuraje kuwa kada ma ta gwada. Kada a haɗa rini da man miƙar da gashi, wato rilaksa, a rana ɗaya. A bar aƙalla mako biyu tsakani, in ba haka ba gashi a hannu zai biyo.

Bayan an yi, kulawa ita ce rabin aikin. A rage yawan wanki, a guji ruwa mai zafi da garin sabulun wankin kaya da duk abin da ke da kanwa. Karkashi da ganyen magarya da iyayenmu ke wanke kai da su ba sa cin launi kamar sabulu mai ƙarfi. A riƙa shafa man shanu ko man kaɗe, domin lalle da rini duka suna busar da gashi, balle a lokacin hunturu. Rana na koɗar da ja, amma mai ɗankwali ta riga ta huta da wannan. Sannan kada a shafa wa jariri lalle. Akwai wani larurar jini da ake gado, wadda ba baƙuwa ba ce a yankinmu, da ke sa lalle ya farfasa jinin jariri in ya shiga ta fata.

Daga ƙarshe kakarta ce ta kwaɓa mata, da ruwan tsamiya, ta kwana da shi a ƙunshe cikin leda. Da safe ta duba madubi ta ɓata rai, ta ce ba ta ga komai ba. Sai da ta fita tsakar gida rana ta haska kanta, ƙannenta suka yi ta ihu, sannan ta ɗan saki fuska. Har yanzu tana cewa bai kai na hoton ba, kuma gaskiyarta ce. Amma gashinta na nan a kanta.

Ni kuwa gemuna na nan da furfurarsa. Mai askina bai daina yi mini tayin baƙin rini ba, tsohuwa kuma ta ce duk ranar da na shirya turminta na nan. Ban yanke shawara ba tukuna. Abin da na yanke tun 2005 shi ne wanda nake roƙon ƴan'uwana malamai, musamman sababbin fitowa da ake turawa ƙauyuka: in ka ga jan gashi a kan yaro, kada ka tambaye shi wa ya rina masa. Ka tambaye shi me ya ci jiya da dare, ka kuma tambayi lafiyar ƙannensa da ke gida.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.